Harshen Algaitar Baba Saja

Iya Timi ta sauka daga Scotland ranar Laraba da yamma, ranar Alhamis da hantsi kuwa duk layinsu na Dutse Uku ya ji ihunta. Sunanta na yanka Taibat Ajani, Bayarabiya haifaffiyar Jos mai shagon atamfa a kasuwar Taminus, macen da ko sirri take yi sai an jiyo ta a gida na uku. Mako uku ta yi wajen ɗanta Timilehin da ke aikin jinya a birnin Inverness, ta dawo da akwati biyu maƙare da tsaraba. An buɗe, an raba, kowa ya samu, daga mai biskit sai mai safar sanyi. Abu ɗaya ne ya yi ɓatan dabo, kuma duk girmansa bai wuce ɗan yatsa ba.

Saƙon Baba Saja ne. Robert Pam ke nan, tsohon da gidansa ke kallon nata, ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda ya yi ritaya yana saja a rukunin makaɗan 'yan sanda. Abin busarsa algaita ce mai salka irin ta mutanen Scotland, wadda ake rungume ta a hammata. A cikinta akwai wani ɗan kara mai leɓe biyu, shi ne harshenta, in babu shi sai dai a yi ta hura iska a banza. Nasa ya tsage shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya nema har Legas bai samu ba. Ga shi jibi Asabar za a ɗaura auren jikarsa Suzana, wadda tun tana rarrafe ya yi mata alkawarin shi zai shige gabanta da busa ranar da za ta fito daga coci. Da Iya Timi za ta tafi, bai roƙe ta turare ba, bai roƙe ta agogo ba, harshen algaita kawai ya ce ta nemo masa.

Ta nemo, har guda uku, cikin wata 'yar roba mai murfi. Ta ɓoye a aljihun cikin akwati don ta kai masa da hannunta da safe. Da safen ta zura hannu ta ji wayam.

Kafin a sha shayi an gama shari'a a bakin famfo. Wasu sun ce direban da ya ɗauko ta ne, ai idonsa ma ya nuna. Wasu sun ce a duba gidan Baba Saja kansa, akwai wadda ba ta ƙaunar busar nan. Mai kanti ya rantse ya ga inuwa ta gifta, amma da aka matsa masa sai ya ce wataƙila akuya ce. Da mai unguwa ya ga maƙwabtan shekara talatin sun fara kallon juna ta wutsiyar ido, sai ya aika a kira Malam Tanimu.

Malam Tanimu ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata a tsakanin duwatsun Filato. Yanzu gwiwa ta hana shi hawan dutse, ya koma noman tumatir a Naraguta, amma ido bai tsufa ba. Mutum ne marar gaggawa, har matarsa kan ce in gobara ta tashi sai ya tsaya duba ta inda ta shigo. Ya iso da sandarsa, ya tsaya a ƙofar gidan Iya Timi ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. An yi ruwa da asuba, taɓo ya yi laushi yadda ake so, amma masu zuwa jaje sun tattake wurin kamar an ci kasuwa.

* * *

Ya sami Iya Timi a falo, ɗankwali ya zame, ƙawarta Hassana na yi mata fifita ko da yake garin sanyi ake. Hassana bazawara ce mai sayar da waina a bakin layi, katanga ɗaya ta raba su, ita ce kuma ta riƙe makullin gidan duk tsawon tafiyar.

"Iya Timi, a ina kika sayi abin nan?" in ji Malam Tanimu.

"Malam, ka bari kawai! Wani ɗan shago ne kusa da kogi. Kogin nan ya raba garin biyu, ruwansa garau, ko ledar ruwa ɗaya ba ka gani. Akwai wata gada ta masu ƙafa, in ka taka sai ta riƙa lilo da kai. Na ce Timi, uwarka ka kawo ka kashe? Yana ta dariya, yana ɗaukata hoto."

"To, shi mai shagon..."

"Tsoho ne, gashin kunnensa ya fi na kansa. Da na ce masa a Jos akwai mai busa irin tasu, sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya fito da guda goma, ya busa kowane, ya zaɓi uku. Ya ce in gaida Saja."

Malam Tanimu ya lura cewa matar nan ba za ta amsa tambaya ba sai ta bi ta Scotland, don haka ya gyara zama ya ƙyale ta. Ya ji labarin motar yawon buɗe ido da ta kai su wani tafki mai tsawo, baƙi ƙirin, wanda ake cewa akwai dodo a ciki, ita kuwa ta zura ido awa biyu ba ta ga ko ƙadangare ba. Ya ji labarin tumaki da suka fi mutane yawa, ba makiyayi, ba mai sata. Ya ji na shanu jajaye masu gashi har ya rufe musu ido.

"Da Fulaninmu za su gan su, Malam, kitso za su fara yi musu. Ga duwatsu, ga hazo, ga yayyafi, wallahi kamar an ɗauki duwatsunmu na Shere an wanke an ajiye. Magariba kuwa sai ƙarfe goma, rana tana tsaye tana kallonka. Ni dai da Timi zai yarda, can zan koma in ƙarasa kwanana."

"Haba Yaya, ki daina faɗin haka," in ji Hassana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tun jiya nake faɗa, kuma zan ƙara!"

Ya nemi a kawo akwatin. Ya zuge aljihun cikin, ya zura yatsu, ya ji danshi. Ya shinshina, ya ɗan taɓa harshe. Gishiri.

"Kin je bakin teku?"

"Sau biyu! Iskar wurin ma gishiri ce, leɓena har ya tsage."

Ya gyaɗa kai, ya rufe aljihun, ya ɗauka maganar ta ƙare a nan. Daga baya ya sha faɗin cewa a wannan gaɓar ce tsufa ya nuna masa hali.

"Wa ya taɓa akwatin nan ban da ke?"

"Munachi direba ya ɗauko daga filin jirgi. Hassana ta taya ni kwashe kaya ina wanka. Da sassafe kuma Maman Suzana ta shigo ɗakin."

"Ba Munachi ba ne," in ji Hassana da sauri. "Yaron kirki ne, kada a ɗauki alhakinsa."

* * *

Munachi yana tashar motoci yana wanke tasinsa, ransa a jagule, don tun safe babu ɗan unguwar da ya shiga motarsa. Da ya hango sandar Malam Tanimu sai ya yar da soso.

"Oga, na sani, ni kuka zo kamawa. Shekara takwas ina ɗaukar Mama, ko lemo ban taɓa ɗauka ba. Yanzu don ƙaramin abu kowa yana kallona kamar ɓarawo. Wetin I go do, me zan yi da abin busa? Ni ko fito ban iya ba."

"An ce kun tsaya a hanya."

"Mun tsaya a Bukuru, taya ya yi faci. Na sauke akwati don in ciro sifiya. Mama tana tsaye a kaina, tana gaya wa mai faci wai a can titi ba rami. Mai faci ya ce to ta koma can ɗin."

Malam Tanimu ya leƙa but ɗin motar. A lungu ya ga wani ɗan yankin leda mai sheƙi, irin wadda ake naɗe akwati da ita a filin jirgi.

"Akwatin a naɗe yake?"

"Kamar moi-moi, Oga. Ni na riƙe, Mama ta yanka da wuƙar kicin a falonta."

Malam Tanimu ya buga wa Iya Timi waya, ta tabbatar, ta kuma so ta ba shi labarin injin da ke naɗewar, ya ce katinsa ya kusa ƙarewa. Sannan ya buɗe ƙofar gaba ya shiga ya zauna, ya ce Munachi ya mai da shi unguwa ta babban titi, a hankali, gilas a sauke, yadda kowa zai gan su tare.

* * *

A ƙofar gidan Baba Saja ya sami abin da ya rasa da safe: sawu mai kyau. Takalmin mace ne mai ɗan tudu, dugadugin hagu ya ci, ya tsallaka layi zuwa gidan Iya Timi a kan taɓon bayan ruwa. Zuwan da sanɗa aka yi, a kan yatsu. Dawowar kuma da sauri, hannu ɗaya riƙe da wani abu a jiki, don kafaɗa ta karkata har takun dama ya fi nutsewa.

Mai takalmin tana tsakar gida tana gyaran acca ta biki. Magadaliya ce, matar ɗan Baba Saja, uwar amarya. Duk unguwa an san ra'ayinta game da algaitar surukinta. Ta taɓa cewa a taron mata kukanta kamar an taka wutsiyar kyanwa goma ne, kuma ta riga ta ɗauko mai kiɗan zamani.

"Maman Suzana, sannu da aiki. Me kika ɗauko a gidan Iya Timi da sassafe kika ɓoye a zani?"

Ta ajiye faifai. Ta dubi ƙofar ɗakin tsohon, ta yafito Malam Tanimu zuwa bayan kicin. Daga cikin wata tukunya da ba a girki da ita ta zaro ƙunshi, ta warware. Mayafin ulu ne mai gidan dara, ja da kore, da hula mai ɗan tuntu a ka.

"Ni na aiki Iya Timi a ɓoye," in ji ta. "Irin wanda masu busa ke sawa a can. Na ce tunda Baba ya nace sai ya kashe mana kunne, to ya kashe cikin kwalliya. Kada ka gaya masa, Malam." Sai idonta ya kawo ruwa. "Ni bakina ne kawai. Tun da aka ce abin ya ɓace bai ci abinci ba. Ka shiga ka gani."

Ya shiga. Baba Saja na zaune a bakin gado, algaitar a cinyarsa, ya goge sandunanta har suna ɗaukar ido. Takalmansa na fareti na gefe, an shafa musu mai.

"Tanimu, ka samu?"

"Da saura, Baba Saja."

"Wata uku ina hura balan-balan kullum safe don numfashi ya dawo. Yara suna dariya. Suzana ta kira ɗazu, na ce mata komai lafiya." Ya shafa salkar. "Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba sai yau."

Tausayi ya kama Malam Tanimu. Ya tambayi kamannin abin, don har yanzu shi bai taɓa ganinsa ba. Tsohon ya jawo wani gwangwanin taba, ya fito da tsagaggen harshen da ya adana shekara goma sha ɗaya. Kara ne siriri guda biyu a manne, an ɗaure gindinsu tamau da baƙin zare, zagaye bisa zagaye, ɗan ƙarfe ja ya leƙo ta ƙasa.

Malam Tanimu ya juya shi a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo. Shi da aka ce masa abin busa ne, ya ga abin busa. Amma ya tambayi kansa, wanda ba a gaya wa ba fa, ya tsinci irin wannan har uku a ɓoye cikin kayan matafiyi, me zai ce ya gani?

* * *

Bai bi ta ƙofar gaba ba. Ya zagaya bayan gidan Iya Timi, inda masu jaje ba su taka ba. A dokin ƙofar baya ya ga wani farin layi siriri da ruwa ya fara lashewa. Ya duƙa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya dangwala ya ɗanɗana. Sannan ya ɗaga murya ta taga.

"Iya Timi! Da kuka je bakin teku, da akwatin kika je?"

"Akwati kuma? Malam, ni mahaukaciya ce? Yana ƙarƙashin gadon Timi tun ranar da na sauka har ranar da na taso."

Ya yi dariya shi kaɗai. Teku ba ta shiga ƙarƙashin gado ta zuba gishiri a aljihu. Ɓarawo kuma ɗauka yake yi, ba ya bari. Wanda ya cire abu ya barbaɗa gishiri a gurbinsa, ya zo ya ja layi a bakin ƙofa, ba sata ya zo yi ba, magani ya zo yi.

Daga nan sawun ya yi masa magana. Silifas ne ƙanana, an taka su kafin ruwan asuba, don ɗigon ruwa ya huda su. Sun fita ta tsakanin shingen ƙyarana, taku gajeru, babu gudu, babu waiwaye ko sau ɗaya. Sun hau kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse, suka ɓace. Da ɗazu da safe ne da nan zai tsaya. Yanzu kuwa ya san abin da ake nema da irin wannan kaya, don haka ya tsallake fan ya nufi inda 'yar hanyar masu itace ta gicciye ta masu zuwa rafi. A tsakiyar mararrabar akwai dutse da aka juya, gefensa mai laka yana sama. Ya ture shi da sanda, ya tona kamar taƙi ɗaya, sandar ta bugi gwangwani.

Sawun komawa ya bi wata hanya dabam, kamar yadda ake yi, ya zagaya ya ƙare a wata ƙofa da ke jingine da murhun waina.

* * *

Bayan la'asar ya tara su a tsakar gidan Iya Timi: ita, da Hassana, da Munachi, da Magadaliya, da Baba Saja a kujerar roba, da mai unguwa. Sauran unguwa kuwa ba a gayyace su ba, amma katanga ta cika da kawuna. Ya ajiye wata baƙar leda a kan turmi, ya ƙi buɗewa.

"Munachi bai taɓa ba," ya ce. "Akwatin a naɗe ya shigo gidan nan. Duk wanda ya ƙi motarsa yau, gobe ya shiga sau biyu. Maman Suzana ta shigo da safe, gaskiya ne, ta kuma fita da abu, amma nata ne, ranar Asabar za ku gani."

Baba Saja ya dubi surukarsa da mamaki, ita kuwa ta sami abin kallo a sama.

"To wa ya sata?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba a yi sata ba. A gidan nan dai akwai wanda yake ƙaunar Iya Timi fiye da yadda ta sani. Ya ga abu a kayanta, ya tsorata, ya yi abin da kakanninmu suka ce a yi. Ni ba zan faɗi suna ba. Na dai san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma tun safe akwai mai wanke duk wanda aka zarga tun kafin a tambaye ta."

 Sai Hassana ta ja mayafi ta rufe fuska ta fashe da kuka.

"Ni ce, Yaya. Ki yafe ni."

"Ke? Hassana? Me za ki yi da..."

"Tun da kika shigo gidan nan ba ki ce kin yi kewar kowa ba! Can zan koma, can zan koma, shi ke nan abin da kike faɗa. Ke da ko Bauchi kika je sai kin kira ni sau uku. Ina kwashe kaya na ga abu uku a ɓoye, an ɗaure da baƙin zare. Na ce shi ke nan, 'yan baƙin cikin kasuwa sun yi miki kurciya, za ki bar gida ki bi duniya ba za ki ƙara waiwayarmu ba. Ko da hannu ban taɓa ba, da ludayi na ɗauka. Na zuba gishiri, na kai mararraba na binne." Ta ja majina. "Da safe na ji kina ihu wai saƙon Baba ne, sai na gane ɓarnar da na yi. Na so in je in tono, ga mutane ko'ina, kowa na kallon ƙofar kowa. Kunya ta hana ni magana. Baba, ka yafe ni. Munachi, ka yafe ni."

Wani a kan katanga ya fara dariya, ya gimtse. Iya Timi ta dubi Hassana. Sai ta taka ta rungume Hassana har suka kusa faɗawa kan turmi.

"Sakarya! Ina zan je? Kin san mako uku ban ci yaji ba? Mutanen nan dankali suke dafawa ba gishiri ba barkono su ce abinci. Ranar nan na zauna a bakin tafkin dodo, ga kyau kamar aljanna, na ce Timi, da Hassana tana nan da yanzu mun yi gulmar matar can mai gajeren wando. Na yi kuka, ki tambaye shi! Baki ne kawai, don in ba 'yan Taminus haushi."

Yanzu dariyar ta ɓalle gaba ɗaya, har da mai unguwa. Munachi ya ce shi ya yafe, amma waina kyauta har ƙarshen wata. Hassana ta ce har ƙarshen shekara.

Baba Saja kaɗai bai yi dariya ba. Idonsa na kan ledar.

Malam Tanimu ya kwance ta, ya buɗe gwangwanin madara cike da gishiri, ya tona da yatsa ya zaro 'yar robar. Murfinta na nan a rufe gam. Ya goge ta da bakin rigarsa ya miƙa. Baba Saja ya buɗe, ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken rana, ya sa a leɓe ya busa. Wata 'yar ƙara ta fito, siririya mai kaifi, har kajin gidan suka watse.

"Yana da rai," in ji Baba Saja. Ya dubi Hassana da ke durƙushe a gabansa. "Tashi, 'yata. Ni ma ranar da Bature mai koya mana ya fara ba ni wannan abu, sai da na kai wa uwata ta yi addu'a a kai."

* * *

Asabar ta zo da rana mai kyau bayan yayyafi. Malam Tanimu ya tsaya a waje ƙarƙashin bishiya tare da sauran maƙwabta Musulmi da suka zo taya murna. Iya Timi da Hassana sun yi anko, ɗaurinsu ya kusa tare hanya, Iya Timi tana yi wa wata baƙuwa bayanin cewa a Inverness ma haka ake yi, sai dai su mazan ne ke sa siket.

Aka buɗe ƙofar coci. Baba Saja ya fito shi kaɗai, takalma na walƙiya, mayafin ja da kore a kafaɗa, hula mai tuntu a karkace. Ya cika salkar, ya buge ta da hannu, sandunan suka ɗauki gurnani. Magadaliya ta kai hannu kunne, ta tuna, ta sauke. Sai waƙar ta tashi a kan gurnanin, tsohuwar waƙar rakiyar amarya ta mutanensu, wadda tsofaffin mata suka gane tun daga layin farko suka amsa da guɗa. Suzana ta fito a bayansa da angonta.

Daga ƙofar zuwa motar amarya bai fi taku arba'in ba. Malam Tanimu, da ba ya iya ganin mutum na tafiya bai karanta ƙafarsa ba, ya ga takun tsohon ya fara gajarta tun a na ashirin. A na talatin ƙirjinsa na hawa da sauka, gumi ya jiƙa hular. Malam Tanimu ya matsa kusa ko za a buƙaci mai tarewa.

Baba Saja ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, ya hura har salkar ta yi tam, sannan ya saki bututun daga bakinsa. Waƙar ba ta tsaya ba. Iskar da ya tara tana hammatarsa, yana matsa ta a hankali, yatsunsa na ci gaba da aikinsu. Ya juyo ya fuskanci jikarsa, yana takawa da baya, hawaye na bin kumatunsa, algaitar na ta rerawa.

"Suzana," ya ce, "ga shi. Na ce miki zan yi."

Ta saki hannun angon, ta kama gefen mayafin kakanta, suka ƙarasa sauran takun tare har bakin mota.